Dankalin Malama Orpha

Duk wanda ya shiga babban otal na garinmu Marten Creek, kafin ya kai wurin karɓar makulli sai ya wuce wani hoto a bango. Maza biyar ne a ciki, kowa da gashin baki da faffaɗar hula, ga igiya a kafaɗa, ga lambar tagulla a ƙirji. A ƙasa an rubuta wai su ne suka kafa makarantar jagororin tsauni ta farko a wannan yanki na Kanada. Baƙi sukan tsaya su gyaɗa kai. Ni kuwa ban taɓa wuce hoton nan raina bai ɓaci ba, don ƙarya ce tsagwaronta aka sa wa gilashi aka rataye. In ka dubi gefen hagu, dab da katakon da ya kewaye hoton, za ka ga gwiwar hannun wata mace cikin baƙar riga. Gwiwar hannun ce kawai ta samu shiga, sauran jikin an bar shi waje. Mai hannun nan ita ce Orpha Tennant, kuma cikin mazan nan biyar babu wanda ya san inda arewa take a kan takarda sai da ta nuna masa.

Ubanta mai jan dawakin kaya ne na masu safiyo, waɗanda gwamnati ta turo su auna tsaunukan nan su zana taswirarsu. Uwarta ta rasu tun tana ƙarama, babu wanda za a bar wa ita, don haka a bayan doki ta girma, tsakanin buhun gari da akwatin kayan awo. Sauran yara suna koyon baƙaƙe a allo, ita tana koyonsu a gefen taswira. Da ta zama budurwa aka tura ta birni ta yi karatun malanta, ta dawo ta karɓi makarantar garin, ɗaki ɗaya da murhun ƙarfe a tsakiya. Doguwa ce siririya, ba ta da yawan dariya, kuma tana da wata rula ta katako da yaran garin suka fi sanin nauyinta fiye da tsawonta.

Lokacin ne jirgin ƙasa ya fara zubo mana 'yan yawon buɗe ido. Alƙalai, likitoci, matan attajirai da akwatuna fal da huluna, duk sun zo ganin tafki da ƙanƙarar da ba ta narkewa. Masu yi musu jagora kuwa mafarautan garin ne da masu haƙar ma'adinai da aiki ya ƙare musu. Sun san daji, ba wanda zai ce ba su sani ba, amma kowa kwarinsa kawai ya sani, kuma a ka ya riƙe shi. Shugabansu Cyrus Mabey, wani ƙaton dattijo mai tauna taba, yakan ce taswira kayan mutanen birni ce, shi ƙafarsa ta haddace tsaunin nan tun kafin a haifi wanda ya zana ta.

Ran nan ƙafar tasa ta ci amanarsa. Ya ɗauki wasu baƙi zuwa tafkin sama, hazo ya rufe su a hanyar dawowa, ya gangara da su wani kwari yana rantsuwa namu ne, alhali ba namu ba ne. Sai da aka fita nemansu. An same su da rai, amma wani alƙali daga Toronto ya bar yatsun ƙafa biyu ga sanyi. Manajan otal ya tara jagororin ya faɗa musu ba ɓoye-ɓoye: ko su koyi karanta taswira kafin ƙanƙara ta narke, ko ya sa a kawo masa jagorori daga Switzerland, su kuma su koma tarkon zomo.

To wa zai koya musu? Duk garin mutum ɗaya ce ta iya. Haka Cyrus ya tafi ƙofar makaranta yana murza hula, kamar wanda ya zo biko.

"Malama, ba wai ba mu san hanya ba ne," in ji shi. "Takardar ce kawai suke so mu riƙa ɗagawa baƙi su gani."

"Baba Cyrus, in ɗagawa ce kawai, ai jarida ma ta isa," in ji Orpha. "In kuwa karatu kuke so, Asabar da rana, kowa ya zo da dankali ɗaya babba da wuƙarsa. Kuma ba a tofar da taba a ajina."

"Dankali kuma? Miya za mu koya?"

"In ka zo ka gani."

Suka zo, ƙarti goma sha wani abu, suka cusa gwiwoyi a ƙarƙashin teburan yara suna zolayar juna don kunya. Orpha ta shimfiɗa taswirar masu safiyo a allo, ta nuna musu waɗannan siraran layuka masu zagaye, zobe cikin zobe, ta tambayi ko akwai wanda ya san amfaninsu. Wani ya ce tsutsa ce ta bi ta kan tawada. Ta ɗauki dankali ta raba shi biyu, ta kifa rabi a kan tebur, ta ce wannan shi ne tsauni. Ta yanka shi fala-fala daga ƙasa zuwa sama, kauri ɗaya, sa'an nan ta ɗora yanki mafi faɗi a kan farar takarda ta zagaye shi da fensir, ta ɗaga, ta ɗora na biye a cikin zanen farko ta zagaye, haka har ta kai ɗan ƙaramin na ƙoli. Da ta ɗaga takardar sai ga zobba iri ɗaya da na taswira.

"Ku dubi dankalinku," in ji ta. "Gefen da ya miƙe tsaye, zobbansa sun matse juna. Gefen da ya kwanta, sun ba juna fili. In kun ga layuka sun cunkushe a taswira, nan ne ake karya wuya. In sun yi sarari, nan ne za ku bi da matar likita."

Cyrus ya daɗe yana juya dankalinsa, sa'an nan ya tashi ya je allo, ya sa ƙaton yatsansa a kan kwarin da ya ɓata, ya bi shi a hankali har zuwa inda ya rabu da namu. Ya koma ya zauna. Da aka tashi, Orpha ta zuba duk yankakken dankalin a kasko da kitse a kan murhu, suka cinye. Daga ranar kullum in sun shigo sai ka ji ana cewa, "Malama, yau wane tsauni za mu ci?" Mutanen gari suka laƙaba wa abin Makarantar Dankali, da nufin ba'a, sunan kuwa ya zauna.

Dokokinta uku ne, kuma ta dasa su a kan mazan nan da rula. Ta farko, kafin ka buɗe baki, ka ɗora kamfas, na'urar nan mai allura da ke nuna arewa, ka juya takarda ta fuskanci arewa. Ta biyu, abin da idonka ya gani a takarda za ka faɗa, ba abin da ka tuna ba, don tunawa ce ta ci yatsun alƙali. Ta uku, jagora yana tafiya da tafiyar wanda ya fi kowa rauni a ayari. Ban da waɗannan ta koya musu abubuwan da ba su taɓa zaton karatu ba ne: yadda ake duba takalmin baƙo kafin a tashi, yadda ake ɗaure ƙafar da ta yi bororo, sunayen furanni don mata masu tambaya, da yadda ake duban attajiri ido cikin ido a ce masa yau ba a hawa, a koma.

Wanda ya fi shan rula shi ne Elwood Garrity, wani saurayi mai kiwon dawakin otal, mai jan gashi da fara'a. Duk taswirar da aka miƙa masa sai ya riƙe ta a kife, kudu a sama.

"Elwood, ina za ka kai mutanen nan? Meziko?"

"Ai Malama ta nan ma ta yi kyau."

Tas! A bayan hannu. "Juya ta, ɗan nema."

Ta sha wahalarsa fiye da kowa, kuma ta fi son sa fiye da kowa, don in ya gane abu ba ya sake mantawa.

Jagororin Switzerland ba su zo ba. Ƙungiyar jagororin garin ta ga abin ya yi kyau, ta ce daga yanzu sai an ci jarrabawa, wanda ya ci a maƙala masa lambar tagulla, wanda ba shi da lamba kuwa ba shi da ikon hawa da baƙo sama da inda bishiyoyi suka ƙare. Wa ya tsara jarrabawar? Orpha. A barandar otal ake yin ta da hantsi, ana fuskantar tsaunuka. Alƙalai uku su zauna, a miƙa maka taswira a naɗe da kamfas, ka buɗe, ka daidaita arewa, ka nuna da yatsa inda kake, ka bi hanya har mashigin sama kana faɗin abin da layuka suke cewa. Sai dai kafin mutum ya zauna a kujerar jarrabawa, akwai al'adar da suka gada daga ƙungiyoyin maza: a zagaya da hula, kowane ɗan ƙungiya ya jefa ƙwayar wake a ɓoye. Farin wake, an yarda ya zauna. Baƙin wake ko guda ɗaya ne, an hana.

Shekarar farko, bayan ɗalibanta da suka ci sun karɓi lambobinsu, Orpha ta hau barandar da takalmin hawa a ƙafa, ta ce ita ma ta zo zama. Ba don kuɗi ba, albashin malanta ya ishe ta. Tana so ne ta hau da baƙi a matsayin jagora, da lamba a ƙirji, kamar waɗanda ta koya wa. Abin da ta nema ke nan duk rayuwarta, kuma ba ta taɓa ɓoye shi ba.

Cyrus ya kusa haɗiye tabarsa. "Haba Malama! Ke da kika rubuta tambayoyin?"

"Ku rubuta wasu. Ku kawo taswirar da ban taɓa gani ba."

"Ba nan take ba. Jagora a tanti yake kwana da baƙi. Ke ko aure ba ki yi ba. Me mutanen coci za su ce?"

"Mutanen coci ba sa hawa tsauni, Baba. A zagaya da hular."

Aka zagaya. Da aka juye ta a kan tebur, ga fararen wake, ga baƙi guda ɗaya a tsakiya. Orpha ta dubi Cyrus, Cyrus ya dubi takalminsa. Ta sauka ta tafi gida, kuma da hunturu ya zo ta sake buɗe aji kamar ba abin da ya faru. Na san masu cewa da ta rufe ajin da sun shiga hankalinsu. Wata ƙawarta ta faɗa mata haka, ta ce, "In na rufe, wa zai sha wahala? Cyrus? Baƙon da bai san hawa ba bai san sauka ba, shi za a ciro daga rami."

Kowace shekara in ƙanƙara ta narke sai ta hau barandar nan, kowace shekara sai baƙin wake ya fito. Dalili ne kawai yake canja riga. Bana a ce ba ta da aure. Baɗi a ce baƙi maza ba za su bi siket ba, ta zo da wando, a ce wandon ne abin kunya. Da babban yaƙi ya kwashe samarin garin zuwa Turai, aka rasa mai hawa da baƙi, manajan otal da kansa ya aiko a roƙe ta. Ta hau da su lokacin zafi har huɗu, ba wanda ya yi ko targaɗe, ba kuma wanda ya tuna da tanti ko mutanen coci. Da mazan suka dawo, waɗanda suka dawo, aka yi mata godiya a taro, aka ba ta kyautar tukunyar shayi. Ta nemi a zagaya da hula. Baƙin wake ya fito.

Duk wannan ta ɗauke shi da sauƙi, don a ranta ta ɗora laifin a kan mutum ɗaya. Takan ce tsoho ne, bai yafe mata ranar da ya sa yatsa a allo ba, in ya kau shi ke nan. Cyrus ya kau. Ta je jana'izarsa, har ta kai wa matarsa kek ɗin tuffa. Aka naɗa Elwood Garrity shugaba, Elwood nata, wanda ta juya wa taswira a hannu sau ba adadi. A wannan shekarar ta sa an sake wa takalminta ƙusoshi, ta hau baranda tana murmushi, abin da ba a saba gani ba. Duk wanda ke zaune a wurin ta taɓa soya masa dankali.

Elwood ya juye hula. Baƙaƙen wake uku.

Ashe ba Cyrus ba ne kaɗai. Ashe shekara da shekaru suna fakewa ne a bayan tsohon, suna jefa fari don sun san shi zai jefa baƙi. Da ya mutu, kowa ya ji tsoron kada a rasa mai jefawa, sai mutum uku suka jefa lokaci guda. Wannan rashin kunya har yau in na tuna ta sai raina ya ɓaci. Orpha ta tsaya tana duban waken, sa'an nan ta bi fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya, yadda take yi in an fasa gilashin taga a makaranta. Ba wanda ya iya haɗa ido da ita.

"Malama, ki yi haƙuri," in ji Elwood. "Doka ce. Ni ba ni da ikon..."

"Na san doka ce, Elwood. Na ga kun iya kiyaye doka. Da ma haka kuka kiyaye ta farko da na koya muku."

Daga wannan shekarar ba ta ƙara hawa barandar ba. Aji kuwa ba ta fasa ba. Sunan Makarantar Dankali ya kai nesa, wasu garuruwan tsauni suka riƙa turo samarinsu, har wata kwaleji ta birni ta aiko mutum ya zo ya zauna a bayan aji yana rubutu, ya koma suka buɗe sashen koyar da harkar baƙi da jagoranci, da tsaunin siminti a madadin dankali. Da za a buga labarin a jarida aka turo mai hoto. Ya jera manyan ƙungiya biyar a gaban makaranta, ya leƙa cikin akwatinsa, ya ɗago ya ce, "Baiwar Allah, ɗan matsa gefe, masu lamba nake so." Mazan nan biyar suna ji, ba wanda ya buɗe baki. Ta matsa, amma ba ta matsa sosai ba. Hoton da ke otal ke nan.

Shekaru suka ja. Ta ajiye aikin makaranta, wani tsohon ɗalibinta ya karɓi ajin jagorori. Yanar ido ta fara rufe mata gani, na hagu tukuna, sa'an nan na dama. Likita ya ce sai an je birni, aka je, aka yi aiki, bai yi ba. Ta kai tana gane rana da inuwa, tana gane mutum da muryarsa, amma rubutu ya tafi. Tana zaune ita kaɗai a ɗan gidanta na bayan coci, tana noman dankali da laluben hannu.

Da makarantar jagorori ta cika shekara arba'in, ƙungiya ta shirya biki, sai wani ya tuna da ita. Elwood, wanda yanzu jan gashinsa ya zama fari, ya zo gidanta da mutum biyu da ɗan akwati mai laushi a ciki. Ya yi gyaran murya ya yi jawabin da ya haddace, ya ciro lambar tagulla ya ɗora mata a tafin hannu. Ta shafa gabanta, ta ji tsaunin da aka zana da igiya a kewaye, irin dai wadda ta gani a ƙirjin mutane shekara da shekaru. Sa'an nan ta juya bayanta, babban yatsanta ya ji rubutu.

"Taku ba ta da rubutu a baya. Me aka rubuta a nan?"

"A'a, 'yan kalmomi ne kawai, Malama."

"Karanta mini."

Elwood ya karanta. "An ce, ta girmamawa ce. Ba ta jagoranci ba."

Ta miƙa masa abarsa. "Ungo. Tukunyar shayi ma da kuka ba ni ta fi wannan, ita ko ba komai tana dafa ruwa. Ni na taɓa roƙonku girmamawa? Kujera na roƙa. Ku ba ni kujerar jarrabawa kamar kowane ɗan kiwon doki."

"Haba Malama, da wane..." Ya kama bakinsa.

"Ƙarasa mana. Da wane ido? Ba ruwanka. Ka je ka zagaya da hularka."

Suka je suka zagaya. Wake ya fito fari fat, ko ɗigon baƙi babu. To me zai hana? Yanzu ai ba ta da ƙafar hawa, ba ta da idon gani, ba baƙon da za ta ƙwace wa wani. Alherin da ba zai ci musu komai ba, shi suka iya.

Ranar bikin da hantsi barandar otal ta cika, har baƙi sun fito da kofunan gahawa a hannu. Gari ya waye tas, tsaunuka sun fito kamar an wanke su. Orpha ta zo da tsohon takalminta na hawa da rular nan a aljihun riga, wata maƙwabciya ta hau da ita matakala ta zaunar da ita. Alƙalai uku suka zauna a gabanta, Elwood a tsakiya, dukansu ɗalibanta. Sun riga sun shirya a tsakaninsu: taswirar kwarinmu za su ba ta, wadda ta sani kamar ɗakin girkinta, ta faɗi sunayen tsaunuka da ka, a tafa, a maƙala mata lamba ta gaske, kowa ya tafi cin nama da zuciya sakayau.

Elwood ya miƙa mata taswira a naɗe da kamfas. Ta warware ta a kan tebur, ta shafe ta da tafin hannu, ta ɗora kamfas a kai. Ta sunkuya har hancinta ya kusa taɓa gilashin. Ta daɗe a haka. Duk wanda ke tsaye a wurin ya ga abin da ita ba ta gani ba: taswirar a kife take, kudu a sama.

Elwood ya dubi na damansa, ya dubi na hagunsa. A hankali ya miƙa hannu ya kama kusurwar takardar zai juya mata ita ba tare da kowa ya lura ba. Ta ji motsin takarda. Tas! Rula ta sauka a bayan hannunsa, har wata baƙuwa ta zubar da gahawa.

"A wurin jarrabawa alƙali ba ya taɓa takarda. Wa ya koya maka?"

"Ke ce, Malama."

"A kife take ko?"

Alƙalin da ke hagun Elwood ya yi sauri ya ce, "Ba komai, Inna, bar takardar. Faɗa mana kawai, daga nan zuwa mashigin sama ta ina ake bi? Ai kin fi kowa sani."

"Na sani mana. In na ga dama sai in faɗa maka kowane dutse da kowane rafi har mashigi, da inda dokin ubanka ya taɓa zamewa. Cyrus ma ya sani. Mece ce doka ta biyu?"

Ta ɗaga murya.

"Ba ku ji ba ne? Doka ta biyu!"

Sai ga tsofaffi uku masu furfura, da wasu da yawa daga cikin taron, suna amsawa da murya ƙasa-ƙasa kamar yara: abin da ido ya gani a takarda za a faɗa, ba abin da aka tuna ba.

"To madalla. Na kayar da mutane a kujerar nan don sun faɗa da ka. Kai ma, Elwood, na sa an kayar da kai karon farko." Ta sake sunkuyawa a kan taswirar, ta kawo fuska kusa, ta ja baya, ta karkata kai ta gwada da gefen ido. Ta yi iyakar ƙoƙarinta, kowa ya gani. Sa'an nan ta miƙe zaune. "Ba na ganin allurar kamfas. Ba na ganin layi ko ɗaya. Faɗi sakamako."

"Malama, don Allah..."

"Faɗi. Da ƙarfi, yadda ake faɗa wa kowa."

Elwood ya miƙe tsaye. "Orpha Tennant ta zauna jarrabawa. Ba ta ci ba."

Ba wanda ya tafa. Ta bi karyar takardar da yatsu ta naɗe taswirar daidai yadda aka ba ta, ta ɗora kamfas a kai, ta tura gabansa.

"Ranar farko da na hau barandar nan," in ji ta, ba da ƙarfi ba, "ina iya ƙirga awakin dutse a kan mashigi daga inda nake zaune. Da kun ba ni kujerar nan a ranar."

Ta dafa tebur ta tashi. Maƙwabciyar ta matso za ta kama ta, ta ɗaga mata hannu. Ta juya fuska wajen da take jin numfashin Elwood.

"Kai ne mai lamba. Kai ni gida."

Ya zagayo ya ba ta hannunsa, wanda har yanzu shatar rula take a bayansa. Suka sauka matakala, mutane suna darewa. Da suka kai ƙasa ya ɗan yi sauri, don so yake ya fita daga idon jama'a kafin a ga hawayensa. Ta ja shi baya.

"Doka ta uku, Elwood."

Ya rage tafiya.